Ranar da Tokar Argenis Ta Ɓata

Ihun Maigualida ne ya fito da Wilmer Rondón daga banɗaki, rabin fuskarsa duk kumfar aski. Ya same ta tsaye a ƙofar ɗakinta, hannu biyu a ka.

"Sun ɗauke shi, Wilmer! Sun ɗauke mini Argenis!"

Argenis mijinta ne, kuma bai daɗe da rasuwa ba a wani asibiti a Santiago. An ƙona gawarsa, abin da ya rage nasa shi ne toka a cikin ɗan akwatin katako. Saboda wannan akwati suka hawo bas jiya Asabar zuwa El Quisco, wani gari a bakin teku, su huɗu: matar, da mahaifiyarsa Doña Eufemia, da ƙanensa Yorman, da Wilmer amininsa. Argenis ɗan masunta ne daga Cumaná, can Venezuela, kuma wasiyyarsa ɗaya ce, a zuba shi a teku. Ya ce ruwa duk ɗaya ne, zai kai kansa gida. Yau Lahadi da hantsi za a shiga jirgin ruwa, da yamma a koma birni, domin gobe kowa yana da aiki.

A Santiago gadin wani dogon gini Wilmer yake yi. A da can a Cumaná kuwa ɗan sandan ciki ne, kuma idonsa bai manta aikin ba. Ya goge fuska, ya ce kada kowa ya shiga ɗakin.

Taga a buɗe take, labule yana kaɗawa. Teburin gefen gado wayam. Wayar Maigualida tana kan matashi, jakarta tana rataye a bayan ƙofa. Farin ƙyallen da take shimfiɗa wa akwatin yana nan, an ninke shi da kyau an ajiye a gefen tebur. Wilmer ya leƙa ta taga. Ƙasan wajen yashi ne mai laima, ba sawun kowa sai na kyanwa.

"Yaushe kika gan shi a ƙarshe?"

"Da na tashi. Na gaishe shi, na tafi kicin in haɗa mana abin kari. Ina dawowa na ga haka."

"Ke kika buɗe tagar?"

"Ban sani ba, Wilmer. Ban san komai ba yanzu."

Ya zaunar da ita a bakin gado.

Señora Hortensia, mai masaukin, ta iso da tsintsiya a hannu. Lokacin hutu ya wuce, baƙi sun watse, su kaɗai ne a gidan.

"Ni fa tun jiya na faɗa, ban so a shigo mini da mamaci gida ba. Yanzu ga shi za a ce a gidana ake sata. 'Yan sanda zan kira."

"Ki ba ni zuwa azahar, Señora. Yorman takardunsa na zama a ƙasar nan ba su fito ba tukuna. In suka zo, da shi za su fara."

Ta taɓe baki, amma ta mayar da wayar aljihu.

"Ke ina kike da sassafe?"

"Au, ni ma ina ciki? Ina ƙofar gida ina shara, muna hira da maƙwabciyata, ka je ka tambaye ta. Wannan akwatin ko da sanda ba zan taɓa shi ba. Kuma tunda kai ne mai bincike, ka nemo mini kofina mai shuɗin baki. Jiya na wanke na kife, yau babu shi. Ga kiyashi sun dame ni, ko'ina suna nan har saman bene, ga kuma baƙi masu ɓatar da kofi."

Wilmer ya tsallaka ya tambayi maƙwabciyar. Gaskiya ne, tun gari bai gama wayewa ba suke tare a ƙofa, kuma ba wanda ya fita da kaya.

Yorman ya dawo daga bakin ruwa, ƙafar wandonsa a jiƙe. Da ya ji labari sai ya jingina da bango.

"Kai da yayanka ba ku rabu lafiya ba," in ji Wilmer.

"Haba, Wilmer! Faɗan babur ne fa. Don mun yi cacar baki sai in sace gawarsa? In kai ta ina?"

"Ina ka je?"

"Wurin masuncin da zai ɗauke mu. Tsohon nan ya tsare ni da labarin kifi, har na taya shi jan igiya. Señora ce ta buɗe mini ƙofa."

"Hannunsa biyu a aljihu ya fita," Hortensia ta faɗa daga tsakar gida. "Ko gaisuwa bai iya ba."

Saura mutum ɗaya, kuma ita ce wadda Wilmer ba ya son tambaya. Doña Eufemia ta baro Cumaná ne da aka ce ɗanta yana kwance, bayan shekaru ba ta sa shi a ido ba, kuma ba ta same shi da rai ba. Tun daga ranar take faɗa a fili cewa ba ta yarda da maganar teku ba. So take ta koma da shi, a sa shi kusa da kabarin ubansa. Jiya ma a bas ta maimaita.

Ya same ta a kicin tana tace gahawa da 'yar jakar ƙyallen da suka taho da ita.

"A sa mini albarka, Mama."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Zauna. Na san abin da ya kawo ka."

"Ke kika ɗauka?"

"Da ni ce, da ka same ni a tashar mota, ba a nan ba." Ta zuba masa gahawa, ta bi ta da sukari cokali bayan cokali, ba ta tambaye shi ba. "Sha. Haka Argenis yake so, sai ta yi kamar zuma. Tun yana ɗan ƙarami yake satar mini sukari da yatsa." Ta ajiye cokalin. "Tekun nan sanyi gare shi, Wilmer. Jiya na sa ƙafa. Yarona ba ya son sanyi."

Wilmer ya sha. Maganarta ba ta wanke ta ba. Tsufanta ma bai wanke ta ba, domin jiya da ƙafarta ta hau tudun coci.

Ya fita tsakar gida ya tsaya yana tunani. Ɓarawo ba ya barin waya ya ɗauki akwati, ba ya kuma tsayawa ninke ƙyalle. Ba wanda ya fita ta taga, ba wanda ya fita ta ƙofa da kaya. Ashe akwatin yana cikin gidan. Sai ya tuna kofin. A can ƙasarsu, mamaci ba a barinsa haka nan, akan ajiye masa ruwa ko gahawa a gabansa kowace safiya. Yau a teburin ɗakin babu kofi. Inda kofin yake, can akwatin yake.

"Señora, ina ne ba kya kullewa a gidan nan?"

"Saman bene. Akwai ɗan ɗakin da nake tara lemomin tare rana da kujerun bakin ruwa. Wa zai saci tsofaffin lemomi?"

Matakalar tana bayan kicin. Wilmer ya hau shi kaɗai. Ya tura ƙofar ɗan ɗakin, ya ɗaga lemomin ɗaya bayan ɗaya. Akwatin yana can ƙurya a kan kujera, an lulluɓe shi da rigar sanyi. A gabansa ga kofi mai shuɗin baki, cike da baƙar gahawa da ta huce. Layin kiyashi yana bin gindin bango, ya wuce ta gefen kofin, ko ɗaya bai hau ba. Wilmer ya tsoma yatsa ya ɗanɗana. Ɗaci zalla.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya leƙa ƙasa ya ce wa Yorman ya turo masa Maigualida, ita kaɗai.

Ta hawo a hankali. Da ta ga ƙofar a buɗe sai ta tsaya, ta kama bango.

"Ga shi nan," in ji Wilmer. "Ba abin da ya same shi."

Ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi mamaki ba.

"Zo ki zauna, 'yar'uwa. Bari in faɗa miki yadda na gane, in na yi kuskure ki gyara mini. Wanda ya ɗauke shi mai ƙaunarsa ne, shi ya sa ya ninke ƙyallen, shi ya sa ya rufa masa riga. Yorman ba ya gida. Señora shayi take sha, kuma ba ta san ana ba mamaci gahawa ba. Saura ke da Mama. Mama ba ta san yana da ciwon sukari ba, ku biyu kuka ɓoye mata don kada hankalinta ya tashi. Ni na raka shi asibiti ranar da likita ya hana shi zaƙi. Da ita ce ta ajiye kofin nan, da kiyashi sun cika shi. Mutum ɗaya ne a gidan nan yake haɗa wa Argenis gahawa ba sukari."

Maigualida ta durƙushe a gaban kujerar.

"Ni na tara ku," ta ce. "Ni na yi faɗa da Mama a kan sai an cika masa wasiyya. Yau na tashi na dube shi, na ce nan da hantsi ba shi. Sai ƙafata ta kawo ni nan. Na buɗe taga don a ce daga waje ne. Na ce in an gaji da nema, in sa shi a ƙasan jakata mu koma."

"Da kin ce kin fasa, wa zai hana ki?"

"Da wane baki? Bayan duk abin da na faɗa mata?" Ta share ido da bayan hannu. "Wilmer, a ƙasar nan ba ni da kowa. In na taso daga aiki ƙafata ta kumbura, in na buɗe ƙofa, shi nake ce wa na dawo. Ba ya amsawa, amma yana nan."

"Zan iya cewa na tsince shi ne kawai. Amma Mama tana ƙasa, kuma kowa ita yake kallo."

Maigualida ta miƙe, ta ɗauki akwatin da kanta, ta sauka.

A kicin ta faɗi komai, har da maganar ciwon. Hortensia ta yi alamar gicciye ta fice. Yorman ya sunkuyar da kai. Doña Eufemia ta dubi gwangwanin sukarin da ke gabanta, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta rufe shi.

"Shekara nawa yana shan ta da ɗaci?"

"Tun zuwanmu, Mama."

"Kuma ya yarda?"

"Yana sha yana ƙorafi."

Tsohuwar ta yi 'yar dariya, hawaye yana bin kuncinta. "Ni ban taɓa iya hana shi komai ba. Ke kuma, 'yar nan, da kin faɗa mini za ki sace shi, ai da ni zan tsare miki ƙofa." Ta dafa tebur ta miƙe. "Amma ba naki ba ne, ba nawa ba ne. Abu ɗaya ya roƙa. Ɗauko mini mayafina, Yorman."

Masuncin ya kai su bayan duwatsu, inda ruwa ya yi duhu, ya kashe inji, ya cire hularsa. Maigualida ta buɗe akwatin, ta miƙa hannu bisa ruwa, sai hannun ya ƙi juyawa. Wilmer ya kawar da kai. Doña Eufemia ce ta matso, ta ɗora tafinta a kan na surukarta, suka karkata shi tare.

Tokar ta ɗan tsaya a saman ruwa, sannan igiyar ruwa ta zo.

Masuncin ya juyo da jirgin. Maigualida tana rungume da akwatin da ba komai a ciki.

"Yanzu wa zan ce wa na dawo?" ta faɗa, ba tare da ta dubi kowa ba.

Doña Eufemia ta gyara mata mayafi a wuya, da ɗan ƙarfi, kamar yadda ake yi wa yaro.

"Ni fa? Mutuwa na yi? Ki ce mini. Ni har amsawa zan yi."