Muryar Seini a Bakin Titi

A wani shagon kayan gwanjo a unguwar Sunshine ta Melbourne, hannu biyu suka sauka kan na'urar CD ɗaya.

"Ni na fara gani," in ji Melenaite.

Darcy ya ɗago ya ga fuskarta, nan take gardamar ta bar bakinsa. "Ɗauki. Amma kar su yaudare ki da wayoyin nan masu bakin zinare. Ta tagulla mai kauri ta isa."

Ta ce na'urar babanta ce ta tsufa, waƙa sai tsalle take yi, aljihu kuma ba nauyi. Kafin su fito sun karɓi lambar juna. Kafin wata ya ƙare yana kiranta Zakiya, tana kiransa Sarkin Kunne.

Babanta, Baba Mosese, dai bai ga abin dariya ba. "Ga Taniela ɗan cocinmu, ɗan ƙasar Tonga irinmu, mun san gidansu. Wannan fa, wa ya san asalinsa?"

Sai masoyan suka shirya yi masa bazata. Ranar Asabar yana coci, Darcy ya zo ya haɗa sabuwar na'urar, ya canza wayoyin lasifika, ya janyo lasifikokin daga jikin bango. Makon kwashe tarkace ne, kowane gida ya jibge katifu da kujeru a bakin titi. Darcy, da rawar kai irin ta mai neman aure, ya ɗora tsohuwar na'urar a kan tarin.

Tsohon ya dawo, ya dubi inda na'urar take zama, fuskarsa ta canza. "Ina Seini?"

Sai a lokacin Melenaite ta tuna. Faifan da marigayiya mahaifiyarta Seini ta rera waƙar coci a ciki guda ɗaya ne a duniya, kuma tun rasuwarta bai taɓa fita daga cikin tsohuwar na'urar ba. Suka ruga waje. Wayam. Abin da aka ajiye a bakin titi na mai rabo ne, kowa ya sani.

"Wanda kika kawo min ke nan?" in ji Baba Mosese. "Ya zubar da uwarki a shara!"

Garin gyaran gira an rasa ido. Tana kuka ta tura saƙo: "Muryar Mama ce a ciki. Kar ka sake zuwa gidanmu, Darcy."

Amsa ta zo: "Zakiyata, laifina ne. Ba zan zo ba sai da ita."

Ya bi layin ƙofa-ƙofa, karnuka na masa haushi. Wata tsohuwa ta ce ta ga farar motar masu tsintar ƙarfe. Ya ci gaba da bin unguwannin da ake kwashe tarkace, ranar Litinin ya same su dab da shiga filin da ake niƙe ƙarafa. Na'urar na ƙarƙashin wata tsohuwar firji, an riga an datse wayar wutarta saboda tagulla.

Ya karɓo ta ya nufi gidan Baba Mosese, ya iske falon cike, har da Taniela da kwanon dafaffiyar gwaza. Ba wanda ya amsa sallamarsa. Ya durƙusa a tabarma, ya kwance murfin da sukudireba. Faifan na nan. Amma yana da rai?

Ya sa shi a sabuwar. Shiru. Melenaite ta runtse ido.

Sai aka ji numfashi, wanda mace ke ja kafin ta ɗauki waƙa. Tsohuwar na'urar ba ta taɓa fitar da shi ba. Muryar Seini ta cika ɗakin, ta wuce inda ta saba tsalle sumul.

Baba Mosese ya fashe da kuka, bai ɓoye ba. "Haka take yi. Haka take jan numfashi a kusa da ni." Ya share ido ya dubi Darcy. "Kai, yaro, ka ci abinci? Melenaite, zuba wa mijinki."

Taniela da kansa ya miƙo kwanon.

Ranar auren, bayan Darcy ya kwafi faifan ya raba wa dangi, da waƙar Seini amarya ta shiga coci. A bakin ƙofa tsohon ya haɗa hannayensu. "Uwarki ta raka ki, ɗiyata. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku kunnen jin juna."