Sunan Farko a Gidan Rediyon Ɗan Kulu

A shekarun da kwanon masara ya gagari magidanci, har mata suka koma yi wa yara kwaɗon rama babu ƙuli, akwai wani mai shela a ƙauyukan Shanono ana ce masa Sama'ilu. Lasifika gare shi ɗaure a bayan babur. Ranar kasuwa shi ke sanar da ɓatan akuya da ɗaurin aure da ranar rigakafi, kuma bai taɓa buɗe baki ba sai ya fara da cewa, "Ɗan Kulu ke magana, jama'a a saurara!" Kulu mahaifiyarsa ce.

Yana samun na cefane. Abin da ya hana shi sakat shi ne Muntaka, abokinsa tun na kiwon awaki, wanda ya tafi Kano ya zama mai karanta labarai a rediyo. Duk rumfar da Sama'ilu ya tsaya, muryar Muntaka ce ke tashi. Wata rana matarsa Barira tana tankaɗe ta ce, ba da wata manufa ba, "Kai, Muntaka akwai iya zance." Ran nan tuwo bai shiga cikin Sama'ilu ba.

Da tsakar rana ya nufi wani kufai bayan gonakin gyaɗa, inda aka yi marina a da, wanda ake raɗe-raɗin ana biyan buƙata a cikinsa. Ramukan rini duk sun cike da ƙasa, sai guda ɗaya da ruwansa baƙi wuluk bai taɓa ƙafewa ba. Wani tsoho na zaune a bakinsa. An rataye busassun harsunan dabbobi a jikin tsamiya, jere a zare kamar kuɓewa, kuma ko kukan tsuntsu babu a wurin.

"Dukiya?" in ji tsohon, bai ɗago ba.

"Murya, Baba. Gidan rediyo nake so, nawa na kaina. Ina so Muntaka ya cire takalmi kafin ya shigo ofishina."

"Za ka samu. Amma mai ramin nan ba ya cin kaza. Kowace shekara, ranar da aka buɗe gidan, kai za ka fara magana da bakinka. Sunan farko da ka kira na wanda ke sauraronka a lokacin, wannan nasa ne."

"Nasa kamar yaya?"

"Kana tambayar abin da ka sani."

"Ni zan zaɓa?"

"Bakinka ne."

"In na yi shiru fa?"

"Sai ya je gidanka ya zaɓa da kansa. Ƙanana ya fi so."

Sama'ilu ya tuna 'yarsa Huseina. Sai kuma ya tuna Muntaka, ya yi murmushi. Tsohon ya tsaga masa ƙarƙashin harshe da aska, ya ɗiga jinin a ramin, ya sa shi ya durƙusa ya yi shela a cikin ruwan sau uku. A karo na uku wata murya ta amsa daga ƙasa, irin tasa sak.

Ba a yi wata guda ba wata baƙar mota ta tsaya masa a kasuwa. Alhaji Mika'ilu ne a ciki, uban jam'iyya, wanda ke ɗora mutane a kujera ya kuma sauke su. "Ni ba zai yiwu a ga sunana a takarda ba," ya ce. "Lasisi da sunanka, gini da sunanka. Abin da za a faɗa kuwa, daga wurina."

Aka kafa eriya a hanyar Bici, ana hango ta tun daga Makoda. Ranar buɗewa Sama'ilu ya zauna gaban makirufo da sunan Muntaka a kan harshensa. Jar fitila ta kunna, manyan baƙi suka zuba masa ido, gumi ya keto masa, sai bakinsa ya yi abin da ya saba shekara goma sha biyar: "Ɗan Kulu ke magana!"

Inna Kulu na tsakar gida, ta kanga rediyo a kunne, ta tara maƙwabta su ji ɗanta. A nan ta kife. Gidan rediyon ne ya fara sanar da rasuwarta.

Ya yi kuka, amma bai sauka ba. Tashar ta haifi talabijin, ta haifi jarida. Kullum ana cewa taki ya isa kowace mazaɓa, manoman da ba su ga ko ƙwaya ba suna ji suna tsaki. Wanda ya bugo waya zai yi kukan yunwa, sai a katse shi a saka kiɗa. Muntaka kuwa ko gaisuwar murna bai zo ba.

Shekara ta zagayo. Wannan karon ya rubuta sunan Muntaka a tafin hannunsa. "Muntaka," ya ce da ƙarfi, "ina gaishe ka." Ya sauke ajiyar zuciya, ya saki jiki ya ci gaba, "Sai uwargida Barira..."

Muntaka bai taɓa murɗo tashar ba. Ba don gaba ba, shi dai ba ta dame shi ba ne. Barira ce ke sauraro. Ta ajiye ludayi ta fita ba mayafi, tana ta maimaita hasashen yanayi, kuma har yau ba ta gane kowa ba. Ƙanwarta Kaltume ta zo ta ɗauke Huseina ta koma da ita ƙauye. "Yaya Sama'ilu," ta ce, "ban san me ka taka ba, amma yarinyar nan ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba." Abin da ya fi cin ran Sama'ilu, Allah ya kiyashe mu, ba haukan matarsa ba ne. Wai a ce Muntaka bai ma san yana yi ba.

Shekara ta uku ta faɗo daf da zaɓe. Da safe wayarsa ta yi ƙara, Huseina ce. "Baba, na ari rediyon maƙwabta. Ka gaishe ni yau, ka ji? Na gaya wa ƙawayena."

"Kashe shi, Huseina!"

"Wallahi ba zan kashe ba," ta ce tana dariya, layin ya yanke. Ya kira Kaltume, ta tafi gona ba ta ɗauka.

A ɗakin watsa shirye-shirye Alhaji Mika'ilu ya zauna kusa da shi, ya tura masa takarda. Layin farko sunansa ne da kirarinsa. "Da ni za ka fara. Shekara biyu kana sa wasu a gabana, na ƙyale ka."

Idan ya kira Alhaji, bangon da ya jingina da shi ya faɗi, komai ya rushe, Muntaka ya ji labari. Idan ya yi shiru, mai ramin ya nufi ƙauye. Fitila ta kunna. Sai wata dabara ta zo masa, ya ga ai ya tsira: mai magana ba mai sauraro ba ne.

"Ni ne Sama'ilu," ya ce.

Ya manta da na'urar sauraro da ke manne a kunnuwansa. Ya ji sunansa ya dawo masa tar, kuma bayansa wata murya irin tasa ta ce, "Na karɓa."

Harshensa ya yi baƙi kamar an tsoma a rini. Bai ƙara furta kalma ba. Kafin sati ya cika lauyoyin Alhaji suka fito da wata takarda da ya sa wa hannu tun farko bai karanta ba, aka naɗa sabon shugaba, Muntaka. Kaltume ce ta yi jinyarsa a zaure, don ta hana shi shiga inda yarinyar take. Ta katanga yake jin rediyon maƙwabta, muryar Muntaka na fita daga eriyarsa, ba shi da bakin cewa a kashe. Ana cire gyaɗa ya cika.

Masu leƙen abin hannun wani, ku ji tsoron Allah. Duk wanda ya kai ƙyashinsa bakin rami, ba maƙiyinsa zai biya ba. Masu kanga rediyo a kunne don su ji muryarsa, su ne za su biya: uwarsa, matarsa, 'ya'yansa. Huseina ta rayu, tana aji biyar yanzu. Har yau in an kunna rediyo takan tambayi Kaltume me ya sa Babanta bai gaishe ta ba.