Hasna da Bakaniken Segambut

Ruwan la'asar ne ya koro ta cikin garejin. Ƙasimu yana sunkuye a kan injin wata baƙar Charger ƙirar 1969, yana saita kafireta, yana yi wa motar magana kamar yadda ya saba tun yana Panteka a Kaduna.

"Haba baiwar Allah, ki daina tarin nan mana."

"Ni, ko motar?"

Ya ɗago da sauri har kansa ya bugi bonet. Budurwa ce tsaye da karyayyar laima, mayafinta ya jiƙe, tana ta ƙoƙarin danne dariya. Shekararsa huɗu a unguwar Segambut ta Kuala Lumpur, bai taɓa jin Hausa a bakin wani a garejin nan ba.

Sunanta Hasna. Tana da shekara uku aka zo da ita Kuala Lumpur, yanzu tana koyar da yara a wata makaranta da ke bayan layin. Hausarta gauraye take da Malay, shi kuwa ko a waƙa bai taɓa jin abin da ya kai ta daɗi ba. Kafin ruwan ya tsagaita ya nuna mata sababbin fistan takwas da ya jera a kan tsumma, ya gaya mata motar ta wani Datuk ce, wato attajiri mai sarauta, kuma daga tushe zai sake haɗa injin.

Da magariba saƙonta ya shigo: "Injiniya, ya kan naka? Ka shafa masa man zafi lah."

Ya amsa: "Kan ya warke. Wani wurin ne ya kamu, kuma ba ni da sifanar kwance shi."

Wata bakwai suka yi a haka. Takan biyo ta garejin da shayin mamak, na shagunan Indiyawa, a leda, ta zauna a kan tsohuwar taya tana kallon sa yana wasa bawul. Ta koyi bambanta ƙarar lafiyayyen inji da ta mai ciwo. Ita takan ce masa Sayang, wato masoyi da Malay, shi kuma ya ce mata Hasnata.

Ranar da ya je gaishe da mahaifinta, Alhaji Abdulnasir, a shagonsa na abaya da turare a Jalan Masjid India, sau uku ya wanke hannu da sabulu, amma baƙin mai bai bar ƙasan faratansa ba. Hannun Alhaji ya fara kalla kafin fuska.

"Takardar zamanka ta shekara nawa ce?"

"Shekara-shekara ake sabuntawa, Alhaji."

"Wato ran da mai gareji ya tashi da fushi, 'yata ta haɗa kayanta." Ya gyara zama. "Ban raina sana'arka ba, Ƙasimu. Amma Fa'iz ya riga ka magana. Yana da digiri na uku, yana da aiki tsayayye, na san iyayensa. Ka yi haƙuri."

A jirgin ƙasa hanyar komawa, Ƙasimu bai ga tashar da zai sauka ba sai da ya wuce ta da biyu.

Abu ɗaya ya rage masa. Mai garejin, Uncle Wong, ya yi alkawarin idan Charger ta tashi yadda Datuk yake so, zai ɗora shi a kan sabon reshe, ya nema masa takarda mai tsawo. Ya zuba duk ƙarfinsa a injin. Ya auna kowane ring, ya ɗaure kowane noti da ma'auni, bai yarda kowa ya taɓa masa ko falogi ba.

Ranar gwaji da hantsi Datuk ya zo da abokansa. Injin ya tashi da gurnani mai kauri har kwanon rufi yana rawa. Ƙasimu ya ƙara wuta a hankali, ya sake ƙarawa. Sai ya ji wata 'yar ƙara siririya a ƙasa, kafin hannunsa ya kai makulli injin ya buga. Konrod, sandar da ke riƙe fistan, ya fasa bulok ɗin injin ya leƙo waje, baƙin mai ya malale har takalman Datuk.

Babu wanda ya yi masa faɗa. Datuk ya shiga motarsa ya tafi. Uncle Wong ya dafa kafaɗar Ƙasimu ya ce takardarsa saura kwana arba'in, kuma ba zai iya sabunta ta ba.

Kwana biyar bai ɗaga wayar Hasna ba. A na shida ya rubuta mata:

"Hasnata, Abba ya yi gaskiya. Ba ni da aiki, ba ni da takarda, Kaduna zan koma. Ki auri Fa'iz, mutumin kirki ne. Ki yafe mini."

Amsar ba ta ɗauki minti ɗaya ba.

"Kwana biyar ina zaton ka gaji da ni, ashe inji ne ya fashe. Na gaya wa Fa'iz gaskiya tun shekaranjiya, ya janye. Abba ba ya amsa gaisuwata. Kada kai ma ka rufe mini ƙofa, Sayang. Ba ni da wata."

Ya karanta, ya kife wayar. Me zai kai ta yi a Kaduna, yarinyar da ba ta san ɗaukewar wuta ba, ba ta san kowa ba sai shi?

Bai daina zuwa garejin ba, ko da yake ba wanda ya sa shi. Ya kwance injin gaba ɗaya, ya gano tsohon tsagu a cikin konrod ɗin da aka yo oda, inda ido ba ya kaiwa. Ba laifinsa ba ne, amma sanin hakan bai dawo masa da komai ba.

Saura kwana goma sha biyu, yana zaune a ƙasa yana wanke bawul da fetur, ya ga farar jallabiya a bakin ƙofa. Alhaji ne. Ya rame.

"An ce an sallame ka. Me kake yi a nan?"

"Ba na son wanda zai karɓi aikin ya tarar da shi a watse, Alhaji."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙarafan da aka jera a tsabtace, kowanne da lambarsa.

"Sati huɗu ke nan gidana ba a dariya," ya ce. "Ba ta yi mini rashin kunya ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Abinci kawai take ajiye mini ta koma ɗaki. Har gobe ina ganin wahala za ta sha a can, kuma ba zan ɓoye maka ba." Ya ɗago ya dube shi. "Ita kaɗai gare ni, Ƙasimu. Ka kira manyanka a waya, su wakilta wani."

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan sallah, a falon Alhaji, mutane ba su kai ashirin ba. Akwatunan amarya suna jingine a bango, an riga an ɗaure su don tafiya. Mahaifiyarta, Hajiya Hannatu, tana raba dabino tana share ido da gefen mayafi.

Da aka watse Ƙasimu ya durƙusa gaban Alhaji, Hasna a gefensa.

"Ba ni da abin da zan yi maka alkawari da shi sai hannuna, Abba."

Alhaji ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin na Ƙasimu, ya riƙe su duka biyun ya ƙi saki.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Allah Ya sa in ji kunyar abin da na ji tsoro. Ku riƙa kira na kullum, ko ba ku da labari."

Hasna ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta, Ƙasimu ya ce amin.