Katakon Juji

Magariba ta kawo jiki, Kadidia na tankaɗe ɗan garin dawar taimako, sai dutse ya faɗo cikin ƙwaryar. Wani ya biyo shi. Babu iska, babu motsi a bayan katanga.

Mijinta Seydou, mai haɗa kujeru a unguwar Dagmanet, bai ɗaga murya ba. A shekarar farin nan soja ke mulki, ihu ɗaya ya isa a zo ana yi maka tambayoyi. Zuciyarsa dai ta tafi kan maƙwabcinsa Bahago, wanda sana'arsu ɗaya. Gaisuwa ta mutu tsakaninsu.

Tun da aka hana saran itace, Seydou ya koma juji, inda wata masana'antar da ta rufe ta zubar da guntayen katako. Hannunsa na da kyau, amma akwai gaggawa. Tulin da ya shekara a kwance ya kwashe, ba sallama ba bisimilla, abin da ko yaro ya san ba a yi. A ciki ya yi wa 'yarsa Habsa gado, sauran ya yi kujeru.

Jifa bai tsaya ba. Habsa ta daina cin abinci, ta rame, kullum tana rungume da ƙafar gadon tana kuka da muryar tsohuwa. Tsoro ya kama Seydou sosai.

Malam Alkasum ya zo bayan la'asar, ya yi hayaƙi, ya daɗe yana karatu. Habsa ta miƙe zaune.

"Wace ce ke?" in ji malam. "Wa ya aiko ki?"

"Babu wanda ya aiko ni. Fari ya kashe iccen da muke ciki, muka fake cikin katakon nan ni da ɗiyana. Wannan mutum ya raba mu, ni a gado, su a kujeru."

"Mi kike so?"

"Ya maido min nawa, in bar mishi tashi. Zan ɗaga mata har Juma'a."

Habsa ta sulale, ta nemi ruwa da muryarta.

Malam ya juyo. "Seydou, ina kujerun?"

Seydou ya ce, "Suna bariki, malam. Kwamanda ya karɓe su."

Mutanen da suka shiga barikin nan da ƙorafi, ba duka suka fito ba.

Da safe Seydou ya je ya gaida Bahago, ya ce ya kula masa da gida. Sannan ya ja amalankensa, ya nufi ƙofar bariki.