Angon Cikin Hoto

A ɗakin ɗaukar hoto na wani kamfanin fim da ke birnin Yogyakarta a ƙasar Indonesiya Kinanti ta fara ganin Wirya. An naɗa masa zanen gargajiya na batik da hular zinariya, gumi na bin kwalliyar fuskarsa.

"Mas, daina murmushin nan. Ɗan sarkin da aka kashe wa uba ne kai," in ji ta daga bayan kyamara. A can, Mas kiran girmamawa ne ga namiji, Mbak kuma ga mace.

"To ki daina kallona mana, Mbak."

"Kallon ne aikina."

"Ashe ni ma yau na samu aiki."

Ta haɗe rai, amma sai da dariya ta ƙwace mata, hoton ya lalace.

Kafin wata shida soyayya ta yi nisa. Kullum sai saƙonsa ya shigo, yana kiranta Dik, wato ƙanwa: "Dik Kinan, hasken idona, yau sau uku aka kashe ni a fim, kowane karo da sunanki a bakina na faɗi."

Ita kuma ta mayar: "Ka ci abinci kafin mutuwa ta huɗu, Mas."

Ana haka kamfanin ya shirya sabon fim, aka haɗa Wirya da tauraruwa Maheswari. Kinanti aka sa ta ɗauki hotonsu cikin kayan ango da amarya. Da hannunta ta gyara masa furen kunne.

"Matsa kusa da ita. Kalle ta kamar ba ka da kowa a duniya sai ita."

Ya kuwa kalle ta. Maheswari ta yi dariya ta ce, "Mbak, kin iya haɗa aure!"

Tun da Kinanti take aiki ba ta taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Aka rataye shi a wajen baje kolin hotuna, kamfanin ya baza labarin cewa auren gaske na tafe, ya kuma hana Wirya ƙaryatawa sai fim ya fito.

Mahaifin Kinanti, Pak Sumitro, wato Malam Sumitro, tsohon malamin makaranta, a jarida ya ga hoton. Ranar da Wirya ya zo gaishe shi, ko shayi bai sa an kawo ba.

"Mutumin da sana'arsa ƙaryar so, ta ina zan gane gaskiyarsa? Tashi ka tafi."

Ita ma Kinanti abin na cinta. Ta rubuta masa: "Ni na ɗauki hoton, Mas. Na ga idonka. Kallon da kake min ne, babu bambanci ko kaɗan."

"Ke kika ce in yi, Dik."

"Ban san za ka iya ba."

Wata biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

Ranar da aka fara nuna fim ɗin, wani ɗan jarida ya tambaye shi yaushe ne biki. Wirya ya ce, "Tsakanina da Maheswari aiki ne kawai. Wadda nake so sunanta Kinanti, kuma ta daina kula ni."

Washegari kamfanin ya sallame shi, sauran kamfanoni ma suka rufe masa ƙofa. Masoyan Maheswari suka yi wa Kinanti ca da zagi, suna kiranta mai ƙwacen miji. 'Yan wasan da ke layin ta ɗauke su suka ɗauke ƙafa, ta koma ɗaukar hoton fasfo a bakin kasuwa. Amma tun ranar da ta ji amsar Wirya ta kira shi, suka shirya.

Pak Sumitro ya kalli bidiyon hirar Wirya da ɗan jaridar. Bayan kwana uku ya ce wa Kinanti, "Ki ce ya turo iyayensa."

A masallacin unguwa aka ɗaura auren. Cikin 'yan fim ko mutum ɗaya bai zo ba. Lokacin da ango da amarya suka durƙusa a gwiwar tsohon don neman albarka, ya daɗe kafin ya ɗora hannu a kan Wirya.

"Da farko ban so ka ba, ɗana, har yanzu koyo nake. Kun yi asara saboda juna, kada wani ya taɓa yi wa wani gori a kai. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Kinanti ta ce amin, hawaye na ɗiga a bayan hannun mahaifinta.