Sauro Ba Ya Duba Kati

"Ba zan rubuta ba!"

Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba. Katin rigakafin yana gabanta, mai ruwan ɗorawa, hatimi na gefensa.

Ni mai walda ne. Wani kamfani ya ɗauke ni aikin shekara biyu a tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa. Yayana ne ya yi shekara guda yana fafutuka kafin sunana ya shiga. Jirgi ranar Alhamis, saura kwana shida. Ƙasar kuwa ba a shigarta sai da katin allurar rigakafin shawara, ciwon da sauro ke yaɗawa, katin kuma ba ya aiki sai allura ta kwana goma a jiki.

Ita ce nas ɗin da ke duba matafiya a asibitin garinmu. Ita ce kuma wadda nake so, shekara biyu ke nan.

Na ce, "Kwana huɗu kawai za ki mayar baya. Biro ne fa."

"Wa ya aiko ka? Yaya?"

Na kawar da kai.

"Na sani. Cewa ya yi ai budurwarka ce ke riƙe da hatimi, ko?"

"Haba, masoyiya..."

"A nan Sista nake. Zauna, Malam."

Na zauna. Ta jawo fom, ta shiga jero mini tambayoyi kamar ba ta taɓa ganina ba. Ko ƙwai yana sa ni ƙaiƙayi. Ko ina shan wani magani. Ko zazzaɓi ya kama ni a makon nan. A'a, a'a, a'a. Ta yi bayanin ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro da zan riƙa sha, da gidan sauro, da man shafawa. Ta ce akwai sauron da ke cizo da rana tsaka, kada in ce sai na kwanta zan kiyaye.

"Duk na ji. Kwanan watan fa?"

Ta ajiye biro.

"Ka ɗauka kwana goman nan don ado aka sa? A cikinsu jikinka zai koyi faɗa da cutar. Jami'in filin jirgi zai duba kati ya bar ka ka wuce. Sauro fa? Shi ma katin za ka miƙa masa?"

Ban yi dariya ba. Ita ma.

"Sau uku ina ba ka rana. Sau uku! Na farko ka ce aiki ya yi yawa. Na biyu ka ce babur ya lalace. Kai da ke narka ƙarfe, tsinken allura ya kore ka?"

"Ba allura ba ce."

"To mene ne?"

Na kalli firijin da ke kusurwa. Magana ba ta zuwa mini da sauƙi, ta sani. Ta jira.

"Na zo... duk sau ukun na zo. Har bakin ƙofa. Sai in hango ki ta taga, in ga ranar da kika soka mini allurar nan, shi ke nan na tafi. Sai in juya."

Idanunta suka kawo ruwa. Na zaci za ta yi sanyi. Ina!

"Ka kyauta! Yanzu ka sa ni a tsaka mai wuya. In na rubuta ƙarya, ka je can ciwo ya kama ka, da hannuna na aika ka. In na ƙi, Umma ta ce ni na tare wa ɗanta arziki. Da wane ido zan shiga gidanku?"

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Kaina kawai nake ji.

Na naɗe hannun riga.

"Soka. Ki rubuta yau."

"Ka tabbata? Jirgin zai tashi ya bar ka."

"Soka."

Ta ɗauko kwalba a firiji, ta goge mini damtse da auduga. Allurar ta shiga daidai. Ta rubuta kwanan watan ranar, ta buga hatimi, hawaye na bin kumatunta.

Da la'asar na tarar da Umma tana ninke mini kaya a jaka, Yaya na zaune a bakin gado. Na miƙa masa katin.

Ya duba, ya sake dubawa.

"Ta ƙi?"

"Ni na ce ta rubuta gaskiya."

"Ƙarya kake! Rufa mata asiri kake yi. Bari, akwai wanda na sani, gobe zai buga maka wani katin da kwanan da muke so."

"Ba zan karɓa ba, Yaya."

"Shekara guda ina yawo saboda kai! Tun rasuwar Baba wa ke ɗauke da gidan nan? Ƙannenka uku ka duba su? Kan mace!"

"Laifina ne. Sau uku tana kirana, ina ƙin shiga. Ka zage ni, amma kada ka saka ta."

A gabansu na kira kamfanin. Mutumin ya saurare ni, ya ce gurbina za a ba wani. Sunana zai zauna a jerin tafiya ta gaba, in an yi. Yaushe? Bai sani ba.

Yaya ya fice, ya bugo ƙofa.

Umma ta jawo jakar gabanta. Ta fara fito da kayan daga jaka, ɗaya bayan ɗaya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Alhamis ina shago, na rufe fuska da gilashi ina haɗa ƙyauren wani gida. Ban kalli sama ba ko sau ɗaya. Sai ga ƙafafun Umma a gabana, ta sa mayafin fita.

"Kashe wutar nan. Kai ni wajenta."

"Umma, don Allah..."

"Ba shawara na zo nema ba."

Muka bi layi kamar kowa. Da aka kira mu, Sista ta ɗago ta ga wadda na shigo da ita, sai biro ya suɓuce mata. Ta durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Umma."

"Tashi. Ke ce kika hana?"

"Ni ce."

"Ya ce shi ne."

"Shi ya makara. Ni na ƙi."

Umma ta zauna a kujerar marasa lafiya, ta ɗora jakarta a cinya.

"Gaya mini. Ciwon nan, in ya kama mutum, yaya yake yi?"

Ta gaya mata, ba ƙari ba ragi. Zazzaɓi, amai, ido ya koma rawaya. Wasu su tashi, wasu ba sa tashi. Babu maganin da ke kashe shi, sai dai jinya.

"Da ya tafi yau, da ya kamu?"

"Allah ne masani, Umma. Wataƙila da lafiya lau zai sauka. Ni dai ban iya yin caca da shi ba."

Umma ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo gare ni.

"Tun kana goye ban taɓa iya ce maka a'a ba. Shi ya sa ka taso da taurin kai kamar ƙarfen da kake dukawa."

Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Yayanka zai huce, ni zan ji da shi. Kai kuma ka koma bakin aikinka, ka jira kiransu. In sun kira, ko ɗaure ka zan yi in kai ka filin jirgi."

"To, Umma."

Har ta kai ƙofa ta tsaya. Ta waiwayo, ta dubi Sista da ke share ido da bayan hannu.

"Bar kukan nan, 'yata, mutane na jira a waje. In kin tashi aiki ki kwatanta masa da kyau, wace rana ake samun mahaifinki a gida?"