Amsar da Mai Lasifika Ya Ba Fasto

Tambaya ɗaya fasto ya yi masa, irin wadda kowane ango ke amsawa da "i" a wuce wurin. Shi kuwa ya ce bai sani ba. A nan maganar auren ta tsaya.

Mai Lasifika ake ce masa. Yana da shagon gyaran rediyo da amfilifaya, ran Lahadi kuma shi ke zama can bayan coci a gaban na'urar sauti. Wata Lahadi aka aiko masa cewa lasifikar ɗakin yara tana ƙugi. Ya je ya tarar da malamar makarantar Lahadi tsaye kan benci tana dukan lasifikar da tafin hannu, yara na ta dariya.

Ya ce ta sauko, wannan ba ɗalibinta ba ne. Ta ce ita ba ta dukan ɗalibai, aikin da ba a yi da kyau ba kaɗai take duka. Waya ce ta kwance, ya ɗaure ta. Sati na gaba ya dawo duba ko ta sake kwancewa. Ba ta kwance ba. Da ya dawo karo na uku sai ta ce masa lasifikar lafiyarta ƙalau, in wata magana ce ya faɗa, yara na jiranta.

Ya faɗa. Daga nan ta koma Malamata, shi kuma Injiniyana, don tsokana, tunda ta san bai yi nisa a makaranta ba.

Mahaifinta, Baba, dattijo ne a ikilisiya, kuma ransa ya fi kwanciya da shugaban mawaƙa, wanda ya daɗe yana zarya a gidan. Shugaban mawaƙan har ƙara ya kai cewa ana rage masa makirufo da gangan. Mai Lasifika ya ce bai taɓa komai ba, muryar ce iyakarta ke nan. Duk da haka Baba ya duba ya ga yaron bai taɓa fashin coci ba, ya amince.

Abin da Baba bai sani ba, aiki ke kawo shi. Ba wani bala'i ne ya same shi ba. Bangaskiyar ce ta yi ta raguwa a hankali kamar batir, har ya wayi gari bai san ko akwai saura ba. Ga shi da wani hali: bai taɓa ce wa mai kaya rediyonsa ta gyaru ba sai ya kunna ya ji da kunnensa.

To, a ofishin fasto, gaban Baba da Malama, aka tambaye shi ko zai goyi 'ya'yansa cikin bangaskiya.

"Kawowa zan kawo su, Baba Fasto," in ji shi. "Amma in ce musu na gaskata, ban sani ba. Na daɗe in ina addu'a ji nake kamar ina magana a makirufon da ba a jona ba."

Baba ya ɗauki hularsa, ya ce wa 'yarsa ta tashi su tafi.

Kwanaki suka wuce ba ta ɗaga wayarsa. Ran Lahadi ya hango shugaban mawaƙa riƙe da jakar littattafanta har bakin ƙofa. Aiki ya ƙi masa a shago, har ya ƙona yatsa da ƙarfen dalma. Sai ya tura mata saƙo:

"Malamata, in kin fasa ki gaya min. Ba zan ga laifinki ba."

Amsa ta zo washegari da hantsi:

"Ban fasa ba, fushi nake. Na daɗe da sanin idonka a buɗe yake in ana addu'a, kuma in an kawo maka gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji sai ka ce hannunka na kan aiki. Jira nake ka gaya min ni. Sai ka je ka gaya wa fasto a gaban Baba."

"Tsoron rasa ki na ji."

"Ka kusa, Injiniyana. Jakar da ka ga shugaban mawaƙa ya riƙe min kuma, nauyi gare ta, shi ya sa."

Da yamma ta zo shagon, ta ture wata tsohuwar talabijin ta zauna. Ta gindaya nata sharuɗɗan: 'ya'yansu za su je coci, za a yi addu'a kafin a ci abinci, za ta karanta musu Littafi Mai Tsarki, kuma ba ta yarda ya yi murmushin raini a gabansu ba. Ya ce duk ya ɗauka. Nasa ɗaya ne, in yaro ya tambaye shi, ba zai yi masa ƙarya ba. Ta daɗe tana kallon tarin wayoyin da ke kan tebur. Can ta ce ita ma akwai tambayoyin da yara ke mata waɗanda sai ta koma gida take rasa amsarsu, amma ita tana ji a ranta ana sauraronta. Ya ce shi ya sa yake so 'ya'yansu su tashi a hannunta.

Saura Baba. Shi da kansa ya zo shagon rungume da rediyo, wai ta daina magana. Mai Lasifika ya buɗe ya ga batir ne aka juya. Ya gyara masa zama.

"Yaro," in ji Baba, "ranar da jikana ya tambaye ka ko Allah na jin sa, me za ka ce?"

"Zan ce ban sani ba, Baba. Zan ce uwarsa ta ce yana ji, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba."

"Kai kuma ka daina nema ke nan?"

"Da na daina, da ban damu in faɗi gaskiya ba."

Baba ya ɗauki rediyonsa. A bakin ƙofa ya ce shekarunsa da yawa yana jin samari suna amsa wannan tambaya da "i", kuma ya san inda wasunsu suke kwana daren Asabar. Ya ce a turo manya.

Sai dai dattawan ikilisiya sun zauna. Suka ce fasto zai ɗaura auren, Mai Lasifika ma ya ci gaba da aikinsa, don na'ura ba ruwanta da abin da ke zuciyar mutum. Amma matar da mijinta ya furta irin wannan magana ba za a bar mata 'ya'yan mutane ta koyar ba. Baba ne aka ɗora wa kai saƙon. Mai Lasifika da ya ji, ya ce zai koma ya ce musu ya gaskata, a bar mata ajinta. Ta ce in ya yi haka, ranar ce za ta fasa.

Ta miƙa mabuɗin kabad ɗin yara ga sabuwar malama, ta nuna mata yaron da ke tsoron tsawa da wanda ba a zaunar da shi kusa da taga.

An ɗaura aure, coci ya cika. Baba ya ɗora musu hannu ya roƙi Ubangiji ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu tsoronsa, wannan surukin nasa kuma Ubangiji ya yi masa magana yadda zai ji. Jama'a suka ce amin. Ango bai rufe ido ba, amarya yake kallo.

Lahadin da ta biyo baya ta zauna kusa da shi a bayan coci. Ta cikin bango muryoyin yara suka taso, suna rera waƙar da ita ta koya musu, sun ja ta da sauri fiye da kima. Ya miƙe zai rufe ƙofar da ke tsakani. Ta riƙe masa hannu.

"Bar ta a buɗe," ta ce.